Tafintan Awaki

Ni ne Ranau, dillalin awaki.
Shekara ashirin da shida a kasuwar bisashe,
Litinin da Juma'a,
ina buɗe baki in ƙirga haƙora,
bakin da ba ya iya cewa na yi ƙarya.

Sana'ata magana ce a madadin marar magana.
In ce, wannan tagwaye take haihuwa.
In ce, wannan ko ƙaiƙayi ta samu ta gode.
In ce, dubi fata, ja kamar garwashi,
jar akuyar Maraɗi, ba gauraye.
Ita kuwa sai tuƙa, tana kallon igiya.

Amma kunne ya san abin da baki ke binnewa.
Kukan yunwa gajere ne, yana maimaita kansa.
Kukan ƙishi a bushe yake fitowa.
Na ganin wuƙa, a bar shi kawai.
Akwai na huɗu, dogo, mai karkarwa a ƙarshe,
na uwar da aka raba da ɗa tun da safiya.

Shi na ji ranar da Tsahara ta zo daga Jiratawa,
takardar likita ƙulle a bakin zane,
hantsar akuya cike har tana ɗiga.
Na ce, "Ɗan fa?"
Ta ce, "Yana gida. In uwa ta tafi, a bar mini iri."
Ta sadda kai. Ni ma na kau da ido daga akuya.

Nomau ya taya, na ce albarka.
Ya ƙara jikka biyu, na ce albarka.
Sai ya ce, "Wannan kuka fa?"
Na yi dariya, na daki bayanta:
"Gaishe ka take, Alhaji, ta ga ubangida."
Aka sallama, la'ada ta shiga aljihu,
kowa ya kama hanya.

Abu guda na manta:
garken Nomau bayan katangata yake, a Bagalam.
Bayan isha'i ta fara.
Rakiya, ƴar autata, ta tashi zaune kan tabarma:
"Baba, kai da ka iya maganarsu,
me take cewa?"
Na ce baƙunta ce. Na ce sauro ne.
Na ce ki kwanta.
Na ruɗi manya masu rawani ban ƙifta ido ba,
ga ƴar shekara shida ta sa ni jin kunya.

Da asuba na hau kabu-kabu,
muka ratsa garakan zogale, raɓa na dukan ƙafa.
Na iske shi a turke, murya ta dushe,
ya ƙi dusa, ya ƙi ruwa.
La'ada ba ta kai kuɗinsa ba, na cika da na cefane.
Tsahara ta ƙirga sau biyu, ta ce,
"Mu ma bai bar mu mun runtsa ba jiya."

Cikin riga na ɗauko shi.
A ƙofar garke ya yi ƙara ɗaya, siririya.
Ta amsa ƙasa-ƙasa, daga can cikin ƙirji,
da muryar da ba ta cikin huɗun da na sani.
Shekara ashirin da shida ban taɓa jin ta ba.
Ashe ba a zuwa da ita kasuwa,
ba ta fita inda ake ciniki da hayaniya.

Nomau ya ce, "Nawa?"
Na ce, "Bashi ne na biya."
Ya ce, "Na wa?"
Na nuna ta da haɓa. Ya dube ni, bai gane ba,
ita ko tana lasar ɗanta daga kunne har wutsiya.

Gata Juma'a, zan koma.
Ban ce na zama waliyyi ba,
hatsi ya yi tsada, baki kuma ya saba.
Zan ƙara wa tagwaye, zan rage wa shekaru.
Sai dai in an tambaye ni abin da kuka ke nufi,
in na kasa faɗa, zan yi shiru,
in bar mai kukan ta faɗi tata gaskiya.